Ayyukan Ikkilisiya Sun Cinye Mini Mako, Laifi Ne In Na Rage?

Tambaya daga Malamar Firamare, Kaduna

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata, na kuma rasa wanda zan gaya wa a ikkilisiyarmu ba tare da an ɗauka ƙorafi nake yi ba, shi ya sa na kawo ta gaban iyaye da 'yan'uwa domin neman shawara.

Ni malama ce a wata makarantar firamare, ina zaune a wajejen Sabon Tasha da 'ya'ya uku, babbar shekararta 11, ƙaramin kuma bai cika 4 ba. Maigidana a Abuja yake aiki, sai Juma'a da dare yake dawowa, wani lokaci ma sai bayan mako biyu. Nakan tashi da ƙarfe 4:30 na asuba in ɗora abinci, in shirya yara, mu fita kafin ƙarfe 7, ba na dawowa gida sai wajen ƙarfe 3 na rana. Daga nan kuma kusan kowace yamma tana da mai ita. Litinin muna da zaman malaman makarantar Lahadi, Talata Zumuntar Mata, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa domin ina cikin mawaƙa, Juma'a nazarin Littafi Mai Tsarki a gidajen unguwa, sau ɗaya a wata kuma mu kwana a majami'a muna addu'a. Asabar akwai shara da koyon waƙa na biyu, in kuma da biki ko jana'iza, to, yinin ya tafi ke nan. Ba wanda ya tilasta mini ko ɗaya daga cikin waɗannan, ni na karɓe su ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru, kowanne kuma da farin ciki na karɓa.

Abin da ya tsayar da ni ya faru ne wata Alhamis da ta wuce. Na dawo daga koyon waƙa bayan ƙarfe 8 na dare, na tarar da babbar 'yata barci ya kwashe ta a kan littafin lissafi, ƙaramin kuma ya yi barci a ƙasa bai ci abinci ba. Da na tashe ta, sai ta ce ta jira ni ne in nuna mata aikin gida, tun ranar Litinin take jira. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane lissafi tun safe, tawa ta yi kwana huɗu tana neman minti ashirin a wurina ba ta samu ba. A daren nan kuma na lura da wani abu da ya fi wannan tsorata ni, wato na yi watanni ban buɗe Littafi Mai Tsarki domin kaina ba, sai dai domin in shirya darasin da zan koyar.

Na gaya wa wata babba a cikinmu cewa ina so in ajiye waƙa da zaman Litinin. Ta amsa mini cikin ƙauna, amma ta tuna mini da maganar Ubangiji a Luka 9:62 game da wanda ya sa hannu ga garma yana duban baya, da kuma gargaɗin Ibraniyawa 10:25 cewa kada mu bar taruwa. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Afisawa 5:16 ta ce mu yi amfani da lokaci sosai domin kwanakin mugaye ne, ni kuwa tun ina budurwa na ɗauka ma'anarta ita ce in ba ikkilisiya duk sa'ar da ta rage mini. Shin in na rage, na ja da baya ke nan a bangaskiya? Yaya mai bi zai san abin da ya kamata ya riƙe da wanda ya kamata ya saki, alhali dukansu nagari ne?

Amsa daga Dattijon Ikkilisiya, Jos

'Yata, salama ta Ubangiji ta kasance tare da ke da gidanki. Na karanta maganarki har sau biyu, domin na ga kaina a cikinta shekaru da yawa da suka wuce, kuma zan so ki ji inda na yi kuskure tun kina da sauran dama.

Zan fara da ayar da ta fi damunki. Bulus ya rubuta wa Afisawa da harshen Helenanci, kalmar da ya yi amfani da ita kuwa ta kasuwa ce, ta mutumin da ya ga haja mai kyau ya saye ta tun ba ta wuce shi ba. Kalmar da aka fassara da lokaci ita ma ba ta nufin sa'o'in da agogo yake ƙirgawa, tana nufin dama, wato lokacin da ya dace da wani abu na musamman. Ya maimaita wannan magana a Kolosiyawa 4:5. Duk matar da ta san cefane ta gane wannan sarai: da kaka ake sayen masara a ajiye, domin in aka bari sai tsakiyar damina, farashin ya riga ya tashi. Saboda haka tambayar da ayar take yi miki ita ce, wace dama ce Allah ya buɗe a gabanki yanzu wadda in ta rufe ba za ta sake buɗuwa ba? Mawaƙa suna nan, in Ubangiji ya bar mu da rai za ki same su bayan shekara biyar suna neman murya. Yarinya 'yar shekara 11 da take jiran uwarta da littafi a hannu, bayan shekara biyar ta riga ta koyi daina jira, ta kuma sami wasu da take kai wa tambayoyinta.

Na san wannan domin ya faru a gidana. Lokacin da yarana suke ƙanana ni ne magatakardan ikkilisiya, ina kwamitin gini, ina kuma fita wa'azi ƙauyuka kusan kowane ƙarshen mako. Mutane suna yabona, ni ma ina jin daɗin yabon, kodayake a lokacin ban yarda da hakan ba. Ɗana na fari ya girma yana ganin majami'a a matsayin wurin da yake ƙwace masa uba. Yau shi magidanci ne, muna zaman lafiya, amma mun ɗauki shekaru muna gyaran abin da zaman yamma ɗaya a mako zai iya hanawa tun farko. Ban taɓa yin da-na-sanin bauta wa Ubangiji ba, abin da nake nadama shi ne yadda na ɗauka cewa bautar tana farawa ne sai na fita daga ƙofar gidana.

Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora koyar da 'ya'ya a kan iyaye, ta kuma faɗi lokutan: sa'ad da kuke zaune a gida, sa'ad da kuke tafiya a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Waɗannan duka lokutan gida ne, ba malamin makarantar Lahadi da zai iya riƙe wa uwa su. Timoti da Bulus ya dogara da shi ƙwarai ya san Littattafai tun yana ƙarami, bangaskiyar kuma a wurin kakarsa da mahaifiyarsa Afiniki ta fara zama kafin ta iso gare shi. Tun da maigidanki ba ya nan kwana biyar a mako, rabon da ya kamata ku ɗauka ku biyu yana kanki ke kaɗai, wannan kuma aikin Ubangiji ne kamar yadda tsayawa a gaban bagade da littafin waƙoƙi yake.

Game da ayoyin da aka kawo miki, a Luka 9 Ubangiji yana magana ne da mutumin da yake jinkirin binsa, ke kuwa ba bin Almasihu kike so ki bari ba. Ibraniyawa 10:25 ta hana mu yasar da taruwar masu bi, amma ba ta ƙayyade taro shida a mako ba, wannan tsarin mu muka yi shi gwargwadon bukatunmu, mu kuma muke da ikon duba shi. Ki karanta Fitowa 18, inda Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune yana shari'a tun safe har yamma, ya gaya masa a fili cewa abin ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a. Musa, da duk matsayinsa a gaban Allah, ya saurara, ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Manzanni ma a Ayyukan Manzanni 6 sun ƙi haɗa wa'azi da rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai, ta haka ne ikkilisiya ta san baiwar Istifanas da Filibus. Wataƙila akwai wata budurwa a ikkilisiyarku da baiwarta take ɓoye domin ke kin riƙe wurin.

Shawarata ita ce ki je wurin fasto ke da maigidanki tare, ku gaya masa dalili a fili, kada ki janye a ɓoye da uzuri iri-iri, domin hakan yana haifar da zargi. Ki riƙe sujadar Lahadi, ki riƙe hidima ɗaya da kika tabbata baiwarki ce, sauran ki miƙa su hannun wasu da tsari.

Amsa daga Mama, Zumuntar Mata, Zariya

'Yata, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Baba Dattijo ya faɗi gaskiya mai yawa, ban kuma zo in yi masa gardama ba, amma akwai gefen maganar da nake tsoron a manta, domin na ga inda irin wannan ragewa take kaiwa in ba a yi hankali ba.

Na shiga Zumuntar Mata ina amarya, yau ina da jikoki. A cikin zumunta na koyi karatu da kyau, domin matan da suka riga mu sun ɗauki karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa da muhimmanci ƙwarai. Tun 1932 aka sami Littafin cikakke a harshen nan, iyayenmu mata da yawa kuwa ba a aji suka koyi haɗa baƙi ba, a gindin bishiya suka koya da wannan Littafi a cinya, bayan sun dawo daga gona da daka da ɗiban ruwa. Su ma suna da 'ya'ya, sau da yawa fiye da namu. Lokacin da maigidana ya kwanta ciwo na watanni, waɗannan matan ne suka riƙa kawo tuwo gidana bi da bi, da ya rasu kuma su suka kwana tare da ni. Zumunta a ƙafa take, wadda ba ta taka zuwa wurin 'yan'uwa sa'ad da take da lafiya ba, ranar da nata ya same ta sai ta ga ba ta san ƙofar kowa ba. Mace irinki da mijinta yake nesa ta fi kowa bukatar wannan jingina.

Akan yawaita kawo labarin Marta da Maryamu a Luka 10 domin a nuna cewa hidima ba ta kai zama ba. Ni dai abin da na gani shi ne Ubangiji ya tsauta wa Marta ne saboda damuwa da tashin hankali da suka cika mata zuciya har ta fara ganin laifin 'yar'uwarta. A Yahaya 12 mun sake ganinta tana hidimar abinci a Betanya, ba kuwa wanda ya ce mata komai. Tabita ta Yafa, wadda Bitrus ya tashe ta daga matattu, da allura da zare ta bauta wa Allah, gwauraye kuma suka nuna rigunan da ta ɗinka suna kuka. Saboda haka kada wani ya sa ki ga kamar shekarun da kika yi kina hidima asara ce.

Abin da na sha gani shi ne mace ta ce za ta rage domin yara, ta bar waƙa, bayan wata uku ta bar addu'ar Laraba, kafin shekara sai ranar Kirsimati da Ista ake ganinta, yamman da ta samu kuwa ba yaran ne suka ci moriyarsa ba, talabijin da hirar maƙwabta ne suka cinye. Ban ce haka za ki yi ba, muryarki ba ta nuna haka ba. Amma in za ki ajiye wani abu, ki faɗa wa kanki da wata amintacciya ainihin abin da za ki sa a gurbinsa, da rana da sa'a, ki kuma ba ta izini ta riƙa tambayarki.

Wani abu kuma, a zamaninmu ba ma raba yara da zumunta. Goye muke zuwa da su, manyan kuma su zauna a gefe da allonsu ko littafinsu, a nan suka haddace waƙoƙi da ayoyi ba tare da an zaunar da su an koya musu ba. Me zai hana ranar Talata ki tafi da su, babbar ta yi aikin gidanta a bayan majami'a inda idonki yake kanta? Titus 2 ta ɗora mana mu tsofaffi nauyin koya wa matasan mata ƙaunar mazajensu da 'ya'yansu, in kuwa mun bar ki har kika kai ga wannan gajiya ba mu lura ba, to, mu ma muna da abin tuba a ciki. Waƙa da zaman Litinin kina iya ajiyewa da zuciya ɗaya, amma ina roƙonki kada ki bar zumunta.

Amsa daga Ɗalibin Jami'a, Bauchi

Malama, ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar iyaye da na sa baki a maganar manya. Abin da zan ƙara ƙarami ne, amma ya taimake ni. A bara na riƙa cewa ba ni da lokacin addu'a saboda karatu da zumuntar ɗalibai, sai wani yayanmu a bangaskiya ya ce in ɗauki takarda in rubuta abin da na yi da kowace sa'a har mako guda, ba tare da na gyara komai ba. Mako yana da sa'a 168. Da na cire barci da aji da karatu da taro, sai na ga ragowar ta fi yadda nake tsammani nesa ba kusa ba, da na duba lissafin da wayata take ajiyewa kuma, na tarar Facebook da WhatsApp ne suke ɗauke da mafi yawanta. Ban ce haka naki yake ba, domin uwa mai 'ya'ya uku ba ɗaya take da saurayi mai zaman ɗaki ba, amma takardar za ta nuna miki gaskiyar da tunani kaɗai ba zai nuna ba, za ta kuma zama hujja a hannunki ranar da za ki zauna da fasto.

Na biyu, ina ganin ikkilisiyoyinmu ma suna da nasu rabo a wannan matsala. A sa taro ƙarfe 4, ba za a fara ba sai 5, sanarwa ta ci rabin sa'a, abin da za a gama cikin sa'a ɗaya ya kai uku. Waɗanda suka zo a kan lokaci su ake hukuntawa da jira, yawancinsu kuwa mata ne masu tukunya a kan wuta. Musa ya roƙi Allah a Zabura 90:12 ya koya mana ƙidaya kwanakinmu domin mu sami zuciya mai hikima, ina ganin shugaban taro ma ya kamata ya yi wannan addu'a game da sa'o'in mutanen da aka ba shi amanarsu. Da koyon waƙar nan ya fara a kan lokaci ya ƙare a kan lokaci, da wataƙila Malama ta iso gida yaron bai yi barci da yunwa ba.

Amsa daga Mai Bishara, Ƙasar Malumfashi

'Yar'uwa, alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Ni a ƙauye nake hidima, kusan dukan membobina manoma ne, ni ma ina noma, saboda haka daga gona zan ɗauko amsata.

A nan ba ma iya tafiyar da ikkilisiya da tsari ɗaya duk shekara. In ruwa ya sauka aka yi shuka, aka shiga noman firi da maimai, mutum yakan fita tun da duhu ya dawo jiki ya mutu, in na kira taron yamma sau huɗu a mako a irin wannan lokaci, ko dai in yi wa kujeru wa'azi ko in sa mutane su zaɓa tsakanin gona da lamiri. Don haka da damina mukan tsaya a kan sujadar Lahadi da gajeriyar addu'ar asuba kafin a fita. Bayan an kawar da gero da dawa, an yi godiyar kaka, sai mu buɗe ajin baftisma da na karatu, mu yi taron farkaswa, mu fita bishara ƙauyukan kewaye. Ban taɓa ɗaukar manomin da ya rage zuwa taro a watan Yuli a matsayin wanda ya ja da baya ba, na san zan gan shi a layin gaba a watan Janairu. Mai Hadishi 3 ta ce kowane abu yana da lokacinsa, har da lokacin shuka da lokacin tumɓuke abin da aka shuka. Rayuwar mutum ma tana da damina da rani, ke kuwa yanzu kina tsakiyar damina, da ƙananan yara da aiki da miji a nesa. Ranin da za ki sami sarari yana zuwa, kamar yadda Mama ta Zariya take da shi yanzu.

Amma a cikin duk abin da kika rubuta, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa kin yi watanni ba ki buɗe Littafi domin kanki ba. Wannan jarabar tamu ce mu masu koyarwa, na kuma faɗa cikinta fiye da sau ɗaya. Mutum yakan yi ta ɗiban hatsi daga rumbu yana rabawa, ba ya leƙawa ya ga abin da ya rage, sai ranar da ya zura hannu ya taɓo ƙasa. Ki duba Markus 1:35-38. Bayan yini guda na koyarwa da warkarwa a Kafarnahum, Ubangiji ya tashi da asuba tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Saminu da abokansa suka bi sawunsa suka ce kowa yana nemansa, shi kuwa bai koma wurin masu nemansa ba, ya ce su tafi waɗansu garuruwa domin abin da ya zo yi ke nan. Daga wurin addu'a ya fito da sanin abin da zai amsa da abin da zai bari. A Markus 6:31 kuma, da ya ga almajiran ba su da zarafi ko na cin abinci saboda masu kai da kawowa, shi da kansa ya ce su keɓe su huta kaɗan.

Tambayarki ta ƙarshe, yadda za ki bambanta tsakanin abubuwa nagari, ba na jin wani daga cikinmu zai iya amsa miki ita har ƙarshe. Ki fara mayar da wannan zama na ke da Ubangiji, ko na minti goma sha biyar ne kafin ki ɗora tukunya, da zabura ɗaya da addu'a, ki yi haka na makonni kafin ki yanke hukunci a kan sauran. Ina kuma roƙonki ki duba barcinki. Mai tashi 4:30 da ba ta kwanciya da wuri tana cin bashin jikinta, Allah kuwa da ya ba da doka ta huɗu a Fitowa 20 ya sa har bayi da dabbobi cikin masu hutawa. In Lahadi ta zama ranar da kika fi gajiya a mako, to, akwai abin gyara a nan ma.

Malamar Firamare, Kaduna

Baba, Mama, Malam mai bishara da ƙanena ɗalibi, na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka muku. Na jinkirta amsawa ne domin ina so in yi wani abu tukuna kafin in sake magana.

Na rubuta sa'o'ina na mako guda kamar yadda ƙanena ya ce. Waya ba ta ci da yawa ba, sai dai wajen rabin sa'a da nake yi a kanta bayan na kwanta, wadda yanzu na mayar wa barci. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jira da tafiya, domin na tarar kusan rabin lokacin da nake cewa na ba ikkilisiya a hanya da jiran a fara taro yake tafiya. Na nuna wa maigidana takardar ranar Asabar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce shi ma yana da laifi, domin in ya dawo yakan yi Asabar ɗinsa a wurin abokai da sunan hutu. Mun yarda cewa yammar Asabar ta zama ta gida, shi ne kuma zai riƙa jagorantar addu'ar iyali duk ranar da yake nan.

Mun je wurin fasto tare bayan sujada. Na shiga da tsoro, amma ya karɓe mu da kyau, ya ce da ma ya lura mata kaɗan ne suke ɗauke da yawancin ayyuka, zai kuma kai maganar fara taro a kan lokaci gaban dattawa. Na ajiye waƙa daga ƙarshen wannan wata, bayan mun gama waƙar da muke shiri. Koyarwa a makarantar Lahadi na riƙe ta domin na tabbata nan ce baiwata, sai dai an yarda in riƙa zuwa zaman Litinin sau ɗaya a wata. Mama, ban bar zumunta ba, ranar Talata da ta wuce na tafi da yaran duka uku, wata tsohuwa ta karɓi ƙaramin a hannuna tun daga bakin ƙofa, babbar kuma ta gama aikinta kafin a tashi. Zaman asuba yau kwanana tara da farawa, na fāɗi sau biyu, ina cikin Zabura.

Abin da ya rage mini shi ne babbar nan da ta kawo mini Luka 9:62. Tun da ta ji na ajiye waƙa gaisuwarmu ta yi sanyi, ni kuwa ina ƙaunarta, ita ce ta riƙe ni lokacin haihuwar ɗana na biyu. Ina tunanin in kai mata ziyara gida wata Alhamis bayan ƙarshen wata, a daidai lokacin da na saba zuwa koyon waƙa, in tafi da 'yata. Mama, ku da kuka san zuciyar manyan mata, yaya ya kamata in buɗe mata maganar ba tare da ta ji kamar na zo kare kaina ba?